Ga Samarin Gareji: In Kun Taɓa Ƙafar Mota, Ku Saurari Sitiyari

Ƙannena masu koyon gyaran mota a garejojin Fagge da Sabon Gari a Kano, da ku samarin da Allah ya hore wa motar farko, da ku nake magana. Akwai wani ƙorafi da duk wanda ya taɓa zama a bakin gareji ya san shi. Mutum ya kawo mota an canza masa shokabzoba da sifirin, ko an sa mata sifesa an ɗaga ta, ya biya ya tafi. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo: "Oga, tun da aka yi aikin nan motar yawo take yi a titi." Wani ya ce sitiyarin ya yi nauyi. Wani ya ce in ya sha kwana sitiyarin ba ya dawowa da kansa sai ya jawo shi. Wani kuma ya ce yana murzawa amma motar sai ta yi jinkiri kafin ta amsa. Amsar da aka fi ba su guda ce: "Sabon kaya ne, Alhaji, zai zauna."

Kada ku gaji wannan amsa, ko da daga bakin oganku kuka ji ta. Gaskiya ne sabon sifirin yakan ɗan sauka bayan an yi tafiya a kansa, amma saukar 'yan milimita ce, ba ta gyara sitiyari mai yawo. Motar da ta canza hali bayan an taɓa ƙafarta, to akwai abin da aka bari a karkace, ko a sake, ko a matse. Kuma mai ita ba a cunkoson 'Yan Kura zai ƙare ba, inda kowa ke rarrafe tsakanin 'yan adaidaita sahu. Gobe zai ɗebi iyalinsa ya hau titin Zariya ko na Katsina, ya taka kilomita 100 a awa. A can ne ɗan abin da aka raina a gareji yake komawa batun rai.

Ba na ganin laifin mai son ɗaga motarsa. Yawancin motocin da ke hannunmu an ƙera su ne don titunan Amurka da Turai da Japan. Wanda ya bi lungunan Sabon Gari a watan Agusta, ruwa ya rufe ramuka, ya ji cikin motarsa ya daki ƙasa, ba ya bukatar a gaya masa amfanin tsayi. Iyayenmu ba su sha wannan wahala kamar mu ba, domin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 doguwa ce, ƙafarta kuma tana jure gargada. Yau kuwa Corolla ce da Civic da Accord da Golf, duk gajeru. Ga shi tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ƙara raja'a a kan 'yan Beljiyom da sababbin da ba a san kamfaninsu na asali ba. Kaya na tahowa daga Ladipo ta Legas, daga Nnewi, daga Kwatano, su sauka a shagunan Sabon Gari da kasuwar Ƙofar Ruwa, nagari da na banza a kanta ɗaya. A cikin wannan hali za ku yi sana'a, saboda haka ilimin da ke kanku ne kaɗai zai raba ku da mai canki-canka.

Abin da za ku fara riƙewa shi ne, taya ba a tsaye take ƙyam ba yadda ido yake gani. Kamfani ya ba ta kusurwa uku. Da za ku leƙo mota daga sama, za ku ga tayoyin gaba suna ɗan fuskantar juna ko suna ɗan bauɗe wa juna. Wannan ne masu alaimen ke kira "to", kuma da milimita ake auna shi. In kun tsaya a gaban mota, kan taya yana ɗan kwantawa ciki ko waje. Ita ce kamba. Ta uku kasta, wato kishingiɗar sandar da taya take juyawa a kanta. Ku dubi keke: ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ba a miƙe yake ba, ya kishingiɗa baya, shi ya sa yaro zai saki hannu keken ya ci gaba da tafiya sak. Kasta ce take dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana.

Duka ukun an lissafa su ne a kan tsayin da motar ta fito da shi daga kamfani. Da kun ɗaga ta da inci ɗaya ko biyu, ƙarfen ƙasa da ke riƙe da taya ya sunkuya, tayarod ya bi shi, kusurwoyin nan sun gusa, ko da ba ku taɓa notinsu ba. Ban da wannan, yawancin ƙananan motocinmu irin su Corolla da Camry da Golf suna amfani ne da tsarin da injiniya Earle MacPherson na Amurka ya ƙirƙiro, wanda ya yaɗu daga motocin Ford na Ingila a farkon shekarun 1950. A wannan tsari, shokabzoba da sifirin a haɗe suke, kuma tare suke juyawa da taya duk lokacin da aka murza sitiyari. A motoci da yawa noti biyu ne suka haɗa ta da gidan taya, ɗan wasan da ke cikin ramukansu kuwa ya isa ya canza kamba. Wanda ya kwance waɗannan notuka ya taɓa sitiyari ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada ku raina milimita. In to ya kauce da milimita 3 kacal, lissafi ya nuna ana jan tayoyin gaba a kaikaice kusan mita 5 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna ya haura kilomita 200, wato an goge tayoyin a kan kwalta a kaikaice tsawon kusan kilomita guda a tafiya ɗaya. Shi ya sa mutum zai sayi sabuwar taya, kafin wata uku gefenta ɗaya ya cinye, ya koma yana zagin mai shago alhali laifin yana ƙarƙashin motarsa.

To in mota ta dawo da irin wannan ƙorafi, daga ina za a fara? Ba daga sifana ba. Ku shiga motar tare da mai ita, shi ya tuƙa, ku kalli hannunsa, ku tambaye shi. A wane gudu take yi? Sai an taka birki, ko sai an faɗa rami? Gefe ɗaya take ja kullum, ko nan da can take rangaji? Da lodi ko babu lodi? Minti goma na wannan tambaya ya fi yini guda na kwance-kwance. Sannan ku bi abin daga mai araha zuwa mai tsada, domin kuɗin da za a kashe ba naku ba ne, amana ce.

Mafi araha ita ce iska. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da kamfani ya manna, ta faɗi awon da tayar motar take so, kuma a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35. Amma sau nawa mai faci yake dura 45 ko 50, wai don taya ta yi ƙarfi? Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, sitiyari ya yi sakayau, mota ta riƙa tsalle. Wadda iskarta ta yi ƙasa kuma nauyi take sa wa sitiyari da jinkirin amsawa. Ku auna da safe kafin taya ta yi zafi, da gejin da kuka amince da shi. Ku duba ko tayoyin gaba girmansu ɗaya, zanensu ɗaya. Ku karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun daɗe suna gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. In mota tana ja gefe ɗaya, ku musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya canza gefe, taya ce, ba ƙafa ba, kuma ba a kashe ko sisi ba.

Daga nan ku ajiye motar a daidaitaccen daɓe ku auna tsayinta da tef, daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, dama da hagu, gaba da baya. In gefe ya fi gefe, ku nemi dalili. Wataƙila bakin sifirin bai zauna a gurbinsa ba, domin a kwanon da yake zama akwai wurin da ƙarshen ƙarfen ya kamata ya tokare. Wataƙila an sa na hagu a dama. Wataƙila kuma, kuma wannan ya fi yawa, ɗaya aka canza aka bar ɗaya, ko an haɗo biyu daga motoci daban-daban saboda sun yi kama a ido. Shokabzoba da sifirin bibbiyu ake canza su. Mai mota zai yi ƙorafin kuɗi. Ku gaya masa gaskiya cikin ladabi, ku bar shi ya yanke hukunci da saninsa.

Yanzu ga wurin da nake so ku tsaya ku natsu, domin a nan ne ƙwararru ma suke tuntuɓe saboda sauri. Bushin ɗin roba da ke jikin ƙarfen ƙasa ba juyawa yake yi a kan ƙusarsa ba, murɗewa robar take yi. An yi ta ne ta kasance a sake lokacin da mota take tsaye a kan tayoyinta, sai ta ɗan murɗe sama ko ƙasa in an hau gargada. To in kuka ƙulle notin tam alhali mota tana rataye a kan jak, taya na lilo a ƙasa, da zarar an sauke motar robar ta murɗe ke nan, kuma haka za ta zauna dare da rana. Mota ta yi tsayin da ba nata ba, ƙafa ta yi tauri, sitiyari ya ƙi dawowa sosai, bayan 'yan watanni bushin ya tsage a ce jabu aka sayar. Maganin ba ya cin ko kwabo: a ɗaura notin sama-sama, a sauke mota a kan rami ko a kan katako, a girgiza ta, sannan a ƙulle da nauyinta a kai. In mota ta dawo da tauri bayan aiki, ku sassauta waɗannan notuka ku sake ƙulle su tana tsaye, sau da yawa a nan magana take ƙarewa.

Sai saman shokabzoba. A can akwai roba da boris a cikinta, shi ne ke barin sifirin ya juya tare da taya. In an mayar da tsoho wanda ya cushe da ƙurar hunturu, ko an kifa shi, ko an manta wani washa a wurin haɗawa, sitiyari zai yi nauyi, ya riƙa maƙalewa inda aka bar shi, kuma za ku ji ƙas-ƙas in ana murzawa a tsaye. Ɗaya ya murza, ɗaya ya ɗora hannu a kan sifirin. In yana fizga maimakon ya juya sumul, kun samo shi.

Bari in ɗan ratse a nan, domin ran yaron gareji bai fi na mai mota araha ba. Sifirin ɗin gaba na ƙaramar mota yana ɗauke da nauyin da ya haura kilo 300. Kada wanda ya sa ku matse shi da igiya ko waya, ko ku kwance notin sama kuna tsaye a kansa. Ƙarfen matse sifirin ba ya kai kuɗin ɗinkin fuska. Haka kuma kada ku yanke sifirin don mota ta sauka, kada ku gasa shi da wutar walda. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa har abada.

A koma ga bincike. Ku ɗaga mota, ku kafa mata madogara ban da jak, ku riƙe taya gefe da gefe ku girgiza. In akwai wasa, tayarod ne, na waje ko na ciki. Ku riƙe ta sama da ƙasa. In akwai wasa, boljoyin ne ko boris ɗin wili. Sau da yawa waɗannan sun riga sun ci tun kafin aiki, tsohuwar shokabzoba mai laushi ce take ɓoye su, sabuwa mai tauri ta tona. Wani lokaci kuma hamar da aka daki tayarod da ita wajen cirewa ce ta fasa robar da ke rufe shi, ƙasa ta shiga ta cinye. Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 sun san abin da boljoyin ɗin ƙasa yake yi in ya ci aka ƙyale shi, ko aka sa na banza: taya ce take kwantawa a tsakiyar titi. Saboda haka ɗan fil ɗin da ke kulle notin boljoyin ba abin wasa ba ne, kada a maye gurbinsa da lanƙwasasshiyar ƙusa. Ku duba ƙarafan sitabilaiza ko an mayar da su, ku duba tiyon birki da wayar ABS ko sun ɗame saboda ƙarin tsayi.

Akwai ciwon da alaimen ba ya warkarwa, kuma ya kamata ku gane shi don kada ku yi ta aika mutum yana asara. Tayarod da ƙarfen ƙasa an tsara su ne su riƙa hawa da sauka tare. In an ɗaga mota ko an sauke ta fiye da kima, sai tafiyarsu ta bambanta, ya zamana duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, tayarod ya ja ta ciki ko ya tura ta waje. Direba bai murza komai ba amma mota ta karkata. A kan shimfiɗaɗɗen titi lafiya lau, a kan gargada kuwa sai ta riƙa fizge-fizge. A motar da gabanta ke ja, ƙarin tsayin yana kuma karya kusurwar shaf, a ji karkarwa in an ba ta wuta. Kuma mota in ta yi sama, nauyinta ya yi sama, sai bodi ya fara kwantawa kafin taya ta bi umarni. Jinkirin da direba yake ji ke nan a kwana. Hukuncina a nan ɗaya ne: in sifesa ce ta jawo haka, a cire ta ko a sa ƙarama. Ƙarin tsayi kaɗan, kamar santimita biyu, yawancin motoci suna ɗauka in an yi alaimen bayansa. Abin da ya wuce haka sosai a ƙaramar mota, cinikin hasara ne.

Direbobin haya masu Golf da Sharan suna da nasu salon: a sa wa baya sifirin mai tauri don ya ɗauki buhuna. In babu lodi, bayan ya ɗage, kasta ta ragu, mota ta riƙa rawa a gudu, bayanta na tsalle a kwana. In an yi lodin da ya wuce kima kuma, gaba ya yi sama, tayoyin da ke jan ragamar motar ba su taka ƙasa sosai ba. Samari masu son manyan rim su ma su ji: rim ɗin da ya fito waje fiye da na asali yana sa sitiyari ya riƙa bin kowace tsaga ta kwalta, yana kuma gajiyar da boris. Araha ba ta ado, amma wani adon ma tsadarsa a asibiti ake biya.

Kada ku yi saurin ɗora wa rak ɗin sitiyari ko famfonsa laifi. Kafin aiki lafiyarsu ƙalau, me zai kashe su a kwana biyu? Ku duba mai da bel, shi ke nan. Ku kuma sani motoci da yawa na baya-bayan nan, kamar Corolla daga 2009, sitiyarinsu na lantarki ne, babu mai babu famfo. Masu na'urar hana santsi a cikinsu suna da abin da ke karanta inda sitiyari ya fuskanta, kuma bayan alaimen yakan bukaci a saita shi da kwamfutar duba mota. Wanda ba shi da ita ya tura wa mai ita, ba abin kunya ba ne.

Alaimen shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Yin sa a kan tayarod mai wasa zubar da kuɗi ne, domin awon zai gudu kafin a kai Wapa. Sai an gyara duk abin da ke sake, an daidaita iska, an ɗan zaga da motar ta sauka. Mai aikin zare in ya ƙware yana iya saita to daidai a kan daɓe mai kyau, amma kamba da kasta da tayoyin baya suna son na'ura, kuma motar da aka canza wa tsayi duka take bukata. Ku nemi a nuna muku awon kafin aiki da bayan aiki. Abu ɗaya kuma na hana ku shi har abada: in sitiyari ya karkace bayan aiki, kada ku cire shi ku mayar a miƙe don mai mota ya ga daidai. Ta tayarod biyu ake daidaita shi. Wanda ya cire sitiyari ya juya, ya bar mota tana shan kwana gefe ɗaya fiye da ɗaya, kuma yana iya tsinka lallausar wayar da ke bayansa, wadda hon da jakar iska suke rataye a kanta. Ranar da za a bukaci jakar nan ba za ta buɗe ba, kuma babu wanda zai san dalili sai Allah da wanda ya yi aikin.

Ku kuma masu motoci, kuna da naku rabon. Kada ku tsaya a kan bakanike kuna cewa sauri kuke yi. In kun je sayen shokabzoba 'yar Beljiyom, ku duba sandarta ko akwai tsatsa ko danshin mai, ku danna ku ja ku ji ko tana riƙewa daidai daga farko har ƙarshe, kada sabon fenti ya ruɗe ku. Ku sayi kaya da lambar motarku da shekararta, ba da kama ba. Ku sa kuɗin alaimen cikin lissafin aikin tun farko, domin wani ɓangare ne na aikin.

Ƙannena, kafin ku miƙa wa kowa makulli bayan aikin ƙafa, ku fita da motar kan miƙaƙƙen titi kamar na Filin Jirgi lokacin da babu cunkoso. Ku ji ko tana tafiya sak, ku sha kwana dama da hagu ku ga ko sitiyari yana dawowa, ku taka birki, ku bi ta kan gargada, ku dawo ku sake bin notuka ɗaya bayan ɗaya. In akwai abin da bai kwanta muku a rai ba, ku gaya wa oga, ku gaya wa mai mota, motar ta kwana a gareji. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare mu da ku a kan hanya.